Kwana a ƙaramin otal a Chanthaburi: Abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya karɓi makulli

Duk ranar Juma'a da hantsi, titin Si Chan da lungunan da ke kewaye da shi a garin Chanthaburi, gabashin ƙasar Tailan, sukan cika da masu saye zaune a bakin tebura, kowa da ɗan madubinsa na ƙara girma da hantsaki da ma'auni. Dillalai kuwa suna zagayawa da ƙananan ƙunshin takarda, a cikinsu akwai jan yakutu da shuɗin yakutu da sauran duwatsu masu daraja. Kasuwar takan ci har ranar Lahadi. Ma'adanan yankin sun yi ƙasa tun shekaru da dama, amma gwanintar mutanen garin wajen gasa dutse a wuta domin launinsa ya fito, da yanka shi da goge shi, tana nan daram. Shi ya sa ɗanyen dutse daga Mozambik da Madagaska da Tanzaniya, har da na tsaunin Mambila a Jihar Taraba, yake ƙarewa a nan, kuma tare da shi ake ganin fatake 'yan Afirka.

Garin yana da nisan kimanin kilomita 250 daga Bankok, kusa da iyakar Kambodiya. Motocin safa da ƙananan bas suna tashi zuwa can daga tashar Ekkamai, tafiyar kamar awa huɗu. Wanda ya zo da dutse ba ya iya yanke ranar komawa, domin ciniki kan ja shi daga wannan mako zuwa na gaba. Babban otal kuma zai cinye riba tun ba a same ta ba. Saboda haka akasarin irin waɗannan baƙi a ƙananan masaukai suke sauka, inda galibi ake samun ɗaki tsakanin baht 300 zuwa 800 a kwana, ƙasa da abin da ake biya a unguwannin baƙi na Bankok. Arahar gaskiya ce, amma akwai abubuwa biyu da suka fi kuɗin ɗaki muhimmanci: matsayin baƙo a gaban hukumar shige da fice, da kuma tsaron kayan da ya zo da su.

Rajistar da ba a gani

Da zarar baƙo ya isa, ma'aikacin karɓar baƙi zai nemi fasfo, ya ɗauki hotonsa ko ya kwafe shi. Wannan ba son sani ba ne. Sashe na 38 na dokar shige da fice ta 1979 ya wajabta wa mai gida ko manajan otal ya sanar da hukuma cewa baƙon ƙasar waje ya sauka a wurinsa, cikin awa 24. Takardar sanarwar ita ake kira TM30, kuma yawancin otal-otal ta intanet suke aika ta yanzu. Idan ba a aika ba, tarar a kan mai masauki take. Amma wahalar baƙo takan riska, domin ranar da ya je ofishin shige da fice neman ƙarin kwanaki, wanda kuɗinsa baht 1,900 ne, jami'i yakan duba ko an san inda yake kwana. In babu sunansa a rajista, sai a mayar da shi ya je ya gyara, kwanakin bizarsa kuwa suna ta tafiya.

A nan ne bambancin masauki da masauki yake. Otal mai lasisi ƙarƙashin dokar otal-otal ta 2004 ya saba da wannan aiki. Amma a garuruwan larduna akwai gidajen haya da dama da suke karɓar baƙi na kwana ɗaya ko biyu ba tare da lasisi ba, wasunsu kuma ba su taɓa yi wa baƙon waje rajista ba. Alamar farko a bayyane take: masaukin da ya miƙa makulli bai nemi ganin fasfo ba, da wuya ya kai rahoto ko'ina. Abin da ya dace shi ne mutum ya tambaya tun kafin ya biya, ya kuma nemi a ba shi shaidar sanarwar, ko a takarda ko hotonta a waya. Shi kuwa fasfon, a kwafe shi a mayar masa nan take. Babu dalilin barin sa a hannun kowa a matsayin jingina, musamman da yake 'yan sanda na iya tsayar da baƙo su nemi gani. Samamen da aka riƙa kaiwa kan baƙi a shekarar 2018 ya fi shafar 'yan Afirka da mutanen kudancin Asiya, kuma ɗan Najeriya ya kamata ya sa a ransa cewa za a duba takardunsa fiye da yadda ake duba na wasu.

Wuce wa'adin biza yana da tara ta baht 500 a kowace rana, har zuwa baht 20,000. Wanda ya wuce kwana 90 ya kai kansa, za a hana shi shiga ƙasar na shekara ɗaya. Wanda aka kama kuwa, ko da kwanakin kaɗan ne, haramcin shekara biyar ne, bayan tsarewa da kora. Ga mai harkar da ta dogara da zuwa Chanthaburi sau biyu ko uku a shekara, wannan ya fi kowace tara ciwo. Tun daga 1 ga Mayun 2025 ma, duk baƙo sai ya cike katin isowa ta intanet kafin ya shiga ƙasar, kuma ana neman adireshin masauki a ciki, don haka gara a san inda za a sauka tun daga gida.

Idan kaya suka ɓace

Dokar farar hula da kasuwanci ta Tailan ta ɗora wa mai otal alhakin kayan baƙonsa idan sun ɓace ko sun lalace. Har ma ta ce allon da aka rataya ana cewa otal ba ya ɗaukar alhaki ba ya aiki, sai in baƙon ya amince da shi ƙarara. Sai dai sashe na 675 ya yi togaciya a daidai inda ya fi shafar mai dutse: ga tsabar kuɗi da duwatsu masu daraja da makamantansu, abin da otal zai biya bai wuce baht 5,000 ba, sai fa idan an damƙa kayan a hannun mai otal ajiya, aka kuma faɗi darajarsu a fili. Wato wanda ya bar ƙunshin yakutu na miliyoyin naira a ƙarƙashin katifa ya tafi cin abinci, ya dawo bai same shi ba, iyakar abin da doka za ta karɓo masa bai wuce kuɗin haya na 'yan kwanaki ba. Dokar ta kuma buƙaci a sanar da mai otal nan take da an gano asarar.

A aikace, ƙaramin masauki mai ma'aikaci ɗaya da dare ba lallai ya yarda ya karɓi ajiya mai nauyi haka ba, kuma da yawa ba su da akwatin ƙarfe a ɗaki. Inda aka karɓa, a rubuta abin da aka ajiye da darajarsa, a sa hannu, baƙo ya riƙe kwafi. Inda aka ƙi, hikima ita ce kaya su kwana a ofishin amintaccen abokin ciniki, ko su zauna a jikin mai su. Kafin a biya kuɗin ɗaki kuma a nemi ganin sa, wanda abu ne da aka saba, ba a ɗaukar sa raini. A gwada sakata, a duba taga, a lura ko akwai mai zama a ƙofa cikin dare.

Shi ɗakin kansa iri biyu ne, mai fanka da mai na'urar sanyaya ɗaki, kuma tazarar kuɗinsu ba ta da yawa. Chanthaburi na cikin lardunan da suka fi samun ruwan sama a ƙasar, daga Mayu zuwa Oktoba. Zafinta mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Sakkwato ba, kuma ɗaki mai fanka a hawan ƙasa yakan yi warin danshi ga sauro. Katifa galibi tana da tauri. Banɗaki ba shi da shamaki tsakanin wurin wanka da masai, ruwa yakan jiƙa ko'ina, amma kusan kowanne yana da ƙaramin tiyo na tsarki a gefe, abin da matafiyi Musulmi kan rasa a manyan otal-otal na Turai. Ba a shan ruwan famfo. Otal kan ajiye gora biyu kyauta kowace rana. Wutar lantarki mai ƙarfin 220 ce, kusan irin ta gida, amma soket ɗinsu ba ya karɓar filogi mai ƙafa uku masu faɗi da aka saba da shi a Najeriya, sai da mahaɗi. Wasu wurare sukan karɓi ɗan kuɗin ajiya na makulli, a mayar ranar fita, don haka a adana rasit. Kada shekarar da ke kan rasit ɗin ta rikita kowa: suna ƙidaya da kalandar addinin Buda, wadda ta ɗara ta Miladiyya da shekara 543, shi ya sa 2025 take fitowa 2568.

Mai niyyar yin wata guda zai ga gidaje masu hawa da aka rubuta wa “mansion” a ƙofa. Sunan ne kawai babba. Ɗakunan haya ne na wata-wata masu araha. Kuɗinsu yakan yi ƙasa sosai da na biyan kullum, sai dai wuta da ruwa daban ake lissafa su da mita, a farashin da mai gida ya sa, kuma na'urar sanyi da ke aiki dare da rana tana iya cinye rangwamen. A karanta mitar tare da mai gida ranar shiga. Akwai kuma wasu masaukai a bakin manyan tituna da ake jan labule a rufe motar baƙo. Na 'yan awoyi ne, kuma ba wurin saukar mutum mai harka ba ne duk arahar da suka yi.

Kuɗi a hannu ne ya fi aiki. 'Yan ƙasa da waya suke biya ta tsarin PromptPay, wanda yake buƙatar asusun banki na can, ƙananan masaukai da yawa kuma ba sa karɓar kati. Na'urar cire kuɗi tana cazar katin waje fiye da baht 200 a duk cirewa, komai ƙanƙantar abin da aka cira. Manhajoji irin su Agoda da Booking suna nuna yawancin otal-otal ɗin garin, amma mai kwana da yawa yakan sami sauƙi idan ya yi magana da mai wurin kai tsaye. Turanci ya yi ƙaranci a wajen Bankok. Katin otal mai adireshi da rubutun Tai shi ne abin da za a nuna wa ɗan acaɓa ko direban a-kori-kura mai benci biyu da suke kira songthaew.

Abinci, alƙibla da ladabin gida

Naman alade yana cikin abinci da yawa, har a romon taliya da man suya, kuma abincin da Chanthaburi ta fi alfahari da shi, mu chamuang, naman alade ne da aka dafa da wani ganye mai tsami. Kalmar “mu” ita ce alade, ta cancanci a haddace ta. Karin kumallon ƙaramin otal, in ma akwai, yakan zo da tsiren-Bature da ba a san asalinsa ba. Sauƙin da ake da shi shi ne yawan Musulmin da ke cikin masu harkar dutse ya sa akwai wuraren cin abincin halal a kewayen kasuwar, kuma kayan gwangwani da na leda da yawa a shagunan 7-Eleven suna ɗauke da tambarin halal na Majalisar Musulunci ta Tsakiya ta ƙasar. Khao mok kai, shinkafa mai kurkum da kaza, abincin Musulmin ƙasar ne.

Batun salla yana da wani abin lura da kan ruɗe sabon zuwa. Bahaushe ya saba da cewa fuskantar gabas ita ce fuskantar alƙibla, har kalmomin biyu suka zama kamar ɗaya a bakinsa. A Tailan kuwa Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, kuma ƙananan otal-otal na wannan yanki ba kasafai suke manna alamar alƙibla a rufi ba. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa shida, don haka mai kiran gida da safiyar can, tsakar dare yake tada iyalinsa.

Inda aka ga takalma jere a bakin ƙofa, a cire nasa. Ɗan ƙaramin gidan da ke kan ginshiƙi a farfajiya, da furanni da kwalaben jan lemo a gabansa, wurin bautar masu gida ne, a wuce shi ba tare da taɓawa ba. Hoton sarki yana rataye a kusan kowane zaure, yana kuma kan takardun kuɗi. Sashe na 112 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci zarafin sarauta, kuma baƙi ba su tsira daga gare shi ba. Ɗaga murya a gaban ma'aikaci, ko da mutum yana da gaskiya, yakan rufe ƙofar sulhu, domin mutanen ƙasar suna ɗaukar kunyata mutum a bainar jama'a babban abu. An haramta shan taba a wuraren jama'a na cikin gini, sigarin lantarki kuwa shigo da shi ƙasar ma laifi ne. Sai kuma alamar da takan ba baƙo dariya: hoton wani ɗan itace mai ƙaya an ja masa jan layi. Duriyan ke nan, wanda lardin ya yi fice wajen nomansa, amma warinsa yakan kama labule da katifa na kwanaki, kuma otal na cin tarar wanda ya shigar da shi ɗaki.

Kakar wannan ɗan itace, daga Afrilu zuwa Yuni, tana jawo masu saye da masu yawon buɗe ido, haka ma bikin sabuwar shekara na Songkran daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da ɗakuna kan yi wuya, ofisoshin gwamnati kuma suke rufe, har da na shige da fice. Wanda bizarsa za ta ƙare a wannan tsakani sai ya nemi ƙarin kwanaki tun kafin hutun. Idan wata matsala ta taso da mai masauki ko da wani a kasuwa, lambar 'yan sandan kula da baƙi ita ce 1155, kuma ana samun mai jin Turanci a kanta. Ta motar asibiti kuwa 1669 ce.