Liyafar Abincin Indiya a Zafin Bazara: Yadda Za a Shirya Ta a Birnin Gwari

Abincin Indiya bai yi wa Bahaushe nisa kamar yadda sunansa ke nunawa ba. Tun shekarun 1960 finafinan Indiya suka samu gindin zama a gidajen sinima na Kano, har ido ya saba da ganin biriyani da capati. Wanda ya yi niyyar gayyatar abokai cin irin wannan girki a Birnin Gwari zai tarar mafi yawan kayan haɗin suna kasuwar garin: shinkafa, wake, albasa, tafarnuwa, kanumfari, kirfa, tsamiya da barkono. Citta kuwa ta jihar Kaduna ce, daga Kachia da Jaba take fitowa. Kurkur da hulba ana samunsu wajen masu kayan ƙamshi da shagunan maganin Musulunci. Shinkafar basmati ce kaɗai wataƙila sai an yi saƙo Kaduna, kuma ta gida mai doguwar ƙwaya tana iya maye gurbinta.

Bambancin yana wajen hannu. A girkin Hausa yawanci ana barbaɗa kayan ƙamshi cikin miya tana tafasa. Ba'indiye yakan fara da zuba su, wasu ma ba a daka ba, cikin mai mai zafi har ƙamshinsu ya tashi, sannan albasa ta biyo baya a soya ta sai ta yi ja, sai dakakkiyar citta da tafarnuwa, sai tumatir. Idan aka tsallake wannan mataki aka dogara da garin kori na leda, abin da zai fito dafa-duka ce mai launin ɗorawa. Man da ya dace shi ne man shanu, wanda Indiyawa ke narkarwa su tace su kira shi gi, kusan yadda matan Hausa ke soya nasu. Nono da man shanu ba baƙi ba ne a ƙasar da ke maƙwabtaka da dajin Kamuku da rugagen Fulani, kuma sake buɗe karar shanun Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan shekaru tana rufe saboda matsalar tsaro, ya dawo da cinikin dabbobi garin.

Babban abincin liyafar shi ne biriyani. Ana jiƙa naman rago ko na kaza cikin kindirmo da kayan ƙamshi na wasu awoyi, a tafasa shinkafa ta yi rabin nuna, sannan a jera su hawa-hawa cikin tukunya mai kauri, a liƙe bakin murfin da ƙullun fulawa don kada tururi ya fita. Wannan salo ne da birnin Haidarabad ya shahara da shi. Murhun gawayi ya fi dacewa da shi, domin ana iya rage garwashin ƙasa a ɗora wasu a kan murfi. Kusa da biriyanin sai dal, wato romon wake mai kauri. Waken gida da aka surfe aka cire ƙowa yana bayar da abin da ake so. Capati garin alkama ne da ruwa da gishiri, a murza shi fale-fale a gasa a busasshen kasko. Mai masaukin da aiki ya yi wa yawa ya nemi gurasa, ba wanda zai yi ƙorafi.

Zafin watannin Maris zuwa Mayu shi ke tsara sauran al'amura. Naman da aka jiƙa a kindirmo ba ya jure zaman awoyi a fili, kuma wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, don haka gara a sayo shi ranar, a ajiye shi cikin kula da ƙanƙara. Dafaffiyar shinkafa ma kada ta kwana. Yaji a sassauta, a ajiye dakakken barkono a gefe ga mai so. Indiyawa suna kashe zafin yaji da raita, kindirmo da aka yanka wa kokwamba da albasa, kuma tun da bazara lokacin mangwaro ce, a markaɗa nunanne da kindirmo da sukari a samu lassi. Jiƙon tsamiya mai sanyi yana zama kusa da shi.

An fi jin daɗin zaman bayan sallar Magariba, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da aka yayyafa wa ruwa, maza a zaure ko ƙofar gida idan haka tsarin gidan yake. Ci da hannun dama al'ada ce da Hausawa da Indiyawa suka yi tarayya a kanta. Baƙin da za su zo daga ƙauyukan gefen daji ko ta hanyar Kaduna, a tanadar musu makwanci tun kafin su iso, ko a mayar da liyafar ta bayan La'asar don su koma da sauran haske.