Makon Ɗalibin Lissafi a Kwalejin Horar da Malamai ta Gidan Waya

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka yi ta kwararowa makarantu fiye da yadda aka zata, malamai kuwa suka yi ƙaranci ƙwarai. A shekarar da ta biyo, watau 1977, aka buɗe babbar kwalejin horar da malamai a Kafanchan, wadda a yau ita ce Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a. Wanda ya shiga yakan yi shekara 3 kafin ya sami takardar shaidar malanta ta ƙasa, wadda ake kira NCE.

Mutane da yawa suna tsammani duk wanda ya iya lissafi zai iya koyar da shi. Ba haka abin yake ba, kuma makon ɗalibin lissafi a irin wannan kwaleji ya isa shaida.

Kashi na farko na makon lissafi ne zalla: aljabra, da ilmin siffofi da kusurwoyi, da ƙididdiga. Yawanci ɗalibi yakan haɗa lissafin da wani fanni na biyu. Akwai kuma darussan sanin halayyar yara, da tarihin ilmi, da Turanci. Duk wannan zaman sauraro ne da rubutu, ba shi da bambanci sosai da karatun sauran manyan makarantu.

Inda aikin yake shi ne darasin dabarun koyarwa. A nan malami yakan ajiye wa ɗalibai kuskuren yaro, ya ce su gano mafarinsa. Ga misali. An ce wa yaro ya ɗebe 17 daga 42, sai ya rubuta 35. Wanda bai sami horo ba zai ja jan biro, ya ce yaron daƙiƙi ne, wataƙila har ya kai hannu ga bulala. Alhali yaron yana da tasa hujjar: ya ga 2 ba ta kai 7 ba, sai ya juya ya ɗebe 2 daga 7, ya sami 5, sa'an nan ya ɗebe 1 daga 4, ya sami 3. Abin da ya ɓace masa shi ne ma'anar aro daga gidan gomomi. Maganin ba shi da tsada. Ɗalibin malanta zai tsinto tsinkaye, ya ɗaure su goma-goma, ya ajiye dami 4 da tsinke 2 a gaban yaron. In aka ce ya ba da 17, dole ya kwance dami ɗaya, ya ga 2 ta zama 12 a hannunsa. Da ya ƙirga saura ya tarar da 25, ya gane aro ke nan, ba kuwa zai sāke mantawa ba.

Haka nan rabi da sulusi. Yara da yawa sukan tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su ce 1/2 da 1/3 sun zama 2/5. Sandar rake mai gaɓa 6 ta isa ta raba gardama: rabinta gaɓa 3, sulusinta gaɓa 2, jimla gaɓa 5 cikin 6. Ashe 2/5 ɗin ma bai kai rabin da aka fara da shi ba! A ƙasar da yaro ya tashi yana ganin ana auna citta da buhu, ana sayar da hatsi da mudu, malamin lissafi ba shi da dalilin kukan rashin kayan aiki.

Akwai kuma ranar gwaji, wadda ɗalibai suka fi jin tsoro. Ɗalibi zai rubuta shirin darasinsa, ya nuna abin da yake so yara su iya kafin a tashi, sa'an nan ya tsaya gaban 'yan'uwansa na 'yan mintoci, su kuwa su zama kamar 'yan aji. Bayan ya gama sai a feɗe masa aikin. Wani ya juya wa aji baya yana magana da allo. Wani ya yi tambaya ya amsa wa kansa kafin kowa ya ɗaga hannu. Wani kuwa, kuma galibi shi ne gwanin lissafin ajin, ya tsallake matakai uku don a wurinsa abin a fili yake. Akan sa shi ya gyara, ya sāke tsayawa.

Batun harshe ma yana nan. A kudancin Jihar Kaduna aji ɗaya yana iya haɗa yaran Bajju, da Atyap, da Ham, da Hausawa, da Fulani, littafin kuma da Turanci aka rubuta shi. Sau da yawa ba lissafin ne ya kayar da yaro ba, kalmomin tambayar ne. Don haka ɗalibin malanta yana bukatar ya koyi faɗin abu ɗaya ta hanya biyu ko uku.

Kafin ya gama, akan tura shi wata makaranta ya yi watanni yana koyarwa, malamansa suna zuwa su zauna a bayan aji suna ba shi maki. A nan ne shugabannin makarantu da iyaye suke da nasu aikin. Bai kamata a mai da shi ɗan aike ba, ko a jibga masa azuzuwan da babu malami a juya masa baya. Kamata ya yi a haɗa shi da gogaggen malami mai duba shirin darasinsa. Yaron da ya tsani lissafi tun daga aji uku da wuya ya ci shi a jarrabawar gama sakandare, kuma ba da shi ba babu shiga karatun likita ko injiniya.

Hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar a waɗannan kwalejoji. Wanda ya sami takardarsa kuma sai ya yi rajista da majalisar rajistar malamai ta ƙasa, wadda dokar 1993 ta kafa, kafin a lasafta shi cikin ƙwararrun malamai.