Juyen Baƙin Mai: Abin da Mai Mota Zai Yi da Hannunsa, da Wanda Zai Bar wa Masu Sana'a

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, motar ɗan kasuwa jari ce. Ran da ta kwana a gareji, ranar kaya sun kwana a tasha. Tun da aka janye tallafin fetur aka kuma saki Naira a 2023, kuɗin baƙin mai da kayan gyara ya yi sama, har waɗansu suka shiga jinkirta juye. To, a nan asara take. Galan ɗaya na mai lita 4 ne, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar kuɗin injin da ya buga ba.

Baƙin mai shi ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya rage zafi, ya kwashe datti. In ya daɗe sai ya gaji, ya cika da ƙura. Mai na gama-gari, irin mai lamba 20W-50 da tsofaffin motoci ke sha, ana juye shi wajen kilomita 5,000. Mai tsada na zamani, irin 5W-30, yakan kai 10,000. Amma motar da ke ɗaukar lodi, tana bin hanyar burji da ƙurar hunturu, kada a jira ta cika wannan lissafi. Lambar da littafin mota ya faɗa ita za a saya. Zuba wa sabon inji mai kauri don an saba da shi a Peugeot 504 kuskure ne.

In ka kai mota kamfanin da ke sayar da ita, abu huɗu kake biya: mai, filta, ladan aiki, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Ladan aikin nan ya haɗa da hayar wuri da albashin ma'aikata. Idan motarka sabuwa ce, tana cikin garanti, daure ka kai musu, ka adana rasiɗi, don in wani abu ya lalace ba za su ce kai ka taɓa ba. Amma motar hannu, wadda garantinta ya ƙare tuntuni, juyenta bai fi ƙarfin mai ita ba.

Ga yadda ake yi. Ka ɗumama injin na ɗan lokaci, ka kashe. Ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa waigi. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A tokare ta da abu mai ƙarfi, ko a hau rami. Ka tara kwano, ka kwance notin ƙasan injin, ka bar mai ya tsiyaye sarai. Ka cire tsohuwar filta, ka shafa sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaure ta da hannu. Ka mai da noti, kada ka matse har zare ya ci. Sai ka zuba mai, ka tashi injin, ka duba ko yana ɗiga. Ka kashe, ka ɗan jira, ka zaro sandar awo: mai ya tsaya tsakanin alamu biyun nan, don yawansa ma illa ne. Ka rubuta rana da kilomita a littafin ciniki. Tsohon man kuwa kada a zuba a kwata, akwai masu sayensa.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Panteka ta Kaduna, a kula da jabu. A duba hatimin murfi bai fashe ba. Man awo da ake ɗurawa a kwalba, ba ka san asalinsa ba. Araha ba ta ado.

Ruwan lagireto ma naka ne ka duba, amma sai injin ya huce, don ruwan zafi yakan yi tsalle ya ƙone fuska. Ruwan rijiya yana kawo tsatsa da toshewa. A sa ruwan da aka yi don haka. Filtar iska kuma a riƙa kakkaɓe ta lokacin hunturu.

Abu biyu a bar wa bakanike gwani. Man birki yana shan danshi, ana sake shi kamar bayan shekara 2, kuma in iska ta shiga bututu, birki ba zai kama ba. Haka man giya na mota otomatik: kowace da irin nata, in an zuba wani daban, giyar ce za ta tafi.

Allah ya kawo kasuwa, ya kiyaye hanya.