Shin Ko Kun San? Wa Ke Ciyar da Makaɗa?

Shin ko kun san a Jamus akwai manyan rukunonin makaɗa sama da 120 da hukuma ke ɗaukar nauyinsu? Mai goge a can ma'aikaci ne, da albashinsa da fanshonsa.

Ko kun san maƙwabtanmu sun taɓa bin wannan hanya? A 1959 Kwame Nkrumah ya kafa rukunin makaɗan ƙasar Ghana, ya damƙa shi a hannun Philip Gbeho, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasar. A Gini kuwa Sekou Toure ya sa makaɗa cikin ma'aikatan gwamnati, har Bembeya Jazz, da aka kafa a garin Beyla a 1961, ta zama abin alfaharin ƙasa baki ɗaya.

To, ƙasar Hausa ta riga su nesa ba kusa ba. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara busa wa sarki kakaki. Tun daga nan fada take da rukuninta: masu tambura, masu kakaki, masu algaita, masu taushi da kotso, ga sanƙira mai kirari. Kowanne da sarautarsa, kowanne ya san wurin tsayuwarsa. A da, sarki ke ba su muhalli da gona, ya ba da doki, ya tufatar. Da irin wannan riƙo aka samu Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, aka samu Salisu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. Sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe da yawa, a bakin waɗannan mutane suka tsira.

Kun taɓa tsayawa kusa da mai algaita? Ku dubi kumatunsa, sun kumbura tim. Yana zuƙar iska ta hanci, yana tura wadda ya tara a baki, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da an daɗe ana tafiya. Wannan ba a koyonsa a wata guda. Yaro yakan shekara da shekaru yana bin mahaifinsa kafin a yarda ya busa a gaban jama'a, kuma abin da ke damuna ke nan: yau wa zai ciyar da yaron tsawon shekarun koyo? 'Ya'yan gidajen kiɗa da dama sun kama acaba da tireda, kuma ba laifinsu ba ne.

Ko kun san Bagauda, sunan da yankinmu ke amsawa, shi ne sarkin Kano na farko, wanda ya hau a 999? Gwamna Audu Bako ya kawo wa yankin madatsar Tiga da otal ɗin Bagauda, daga baya ga makarantar horas da lauyoyi. Makarantar kiɗa dai babu. 'Yan rawar Koroso na jihar Kano suna can Gidan Ɗan Hausa a birni.

Ko kun san a Disamban 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye? Ku cire tambari da kakaki daga hawan, ku ga abin da zai rage.

A Nijar, tun 1989 akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya. Mu ma ba mu rasa hali ba. Ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa za su iya haɗa hannu da hakimansu, su ware wa tsofaffin mabusa da masu gangar noma ɗan alawus na wata-wata, da sharaɗin kowa ya ɗauki almajirai biyu, a kuma naɗi kiɗansu a ajiye tun suna da ƙarfin busawa.