Zamewar Taya a kan Wili: Daga Filin Tsere zuwa Gonakin Burumburum

Galibi babu ƙusa ko noti da ke riƙe da taya a jikin wili, wato ƙarfen nan mai da'ira da masu faci ke kira rim. Matsewar leɓenta da ƙarfin iskar cikinta ne kawai ke riƙe da ita. Leɓen taya shi ne bakinta mai kauri, wanda aka naɗe wayar ƙarfe a cikinsa don kada ya miƙe, kuma iska ce ke danna shi a jikin wili har su kama juna. Duk ƙarfin da inji ya turo sai ya ratsa ta wannan mahaɗa kafin ya isa ƙasa, don haka idan ƙarfin murɗawar ya rinjayi riƙon, wili kan juya a cikin taya ya bar ta a baya, ko da da faɗin yatsa ne.

An fi sanin matsalar a filayen tseren motoci na Amurka, inda motocin da ake kira Top Fuel, masu ƙarfin dawakai kusan 11,000, ke cinye tazarar mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa 4, alhali iskar tayoyinsu na baya ba ta kai awo 10 a geji ba, motar gida kuwa takan ɗauki 30 zuwa 35. Masu tseren kan rage iskar da gangan domin taya ta baje ta kama ƙasa, sannan su maƙale leɓenta da zoben ƙarfe mai notuna.

Irin waɗannan motoci ba sa bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Saminaka, amma sharuɗɗan zamewar guda uku, wato ƙarfin murɗawa da ƙarancin iska da santsin leɓe, suna haɗuwa a nan kullum, musamman a kan babur. Da kaka, lokacin da ake fitar da masara da shinkafa daga gonakin Burumburum da Doguwa, akan ɗora wa babur buhu biyu ko uku, mai shi kuma yakan sassauta iskar tayar baya don ta yi masa laushi a burji ko ta fita daga yashi. Idan ya tashi a giyar farko ko ya taka birki da ƙarfi a gangara, tayar kan ja kaɗan a kan wili, ta ja tub ɗin da ya manne mata, shi kuwa bawul, wato bakin da ake hura iska, yana tsaye a raminsa na jikin wili ba ya iya bin su. Da farko yakan karkace, daga baya ya tsinke daga gindinsa, iska ta fice gaba ɗaya a wurin da faci bai cika riƙewa ba. Galibi tub ake ɗora wa laifi, a ce jabu ne, a sayi sabo a sa, shi ma ya tsinke a daidai wurin. Ɗaure ɗan notin bawul tamau, wanda mutane da yawa ke ɗauka kariya ce, ɓoye karkacewar kawai yake yi, ga shi ita ce gargaɗin farko.

Tarakta ma haka take, domin a ƙaramar giya, tana jan garma a fadama, ƙarfin da ke isa manyan tayoyinta na baya yana da yawa ƙwarai kuma iskarsu ba ta da yawa, abin da ya sa kamfanoni ke yi wa mazaunin leɓe a wilinta zane mai kaushi.

Babban abin da ke ƙara ta'azzara lamarin yana faruwa ne a rumfar mai faci, inda wasu ke shafa baƙin mai ko giris a leɓen taya don ta shige da sauƙi. Ruwan sabulu, idan shi aka shafa, kan bushe ya bar leɓe ya kama, man inji kuwa ba ya bushewa kuma yana lalata roba, saboda haka sauƙin da aka samu a minti biyar kan zama santsin watanni. Tsatsa da lanƙwasar bakin wili da tayar gwanjo mai sakakken leɓe duk suna rage riƙon. A ƙaramar mota mai taya marar tub alamar ta bambanta, domin babu bawul da zai tsinke, sai dai sitiyari ya fara rawa bayan an daidaita nauyin tayar, tunda ta gusa daga inda aka auna ta.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura: a ja layi ɗaya da alli ko fenti daga gefen taya zuwa bakin wili, a duba bayan aikin yini. Idan layin ya rabu biyu, sai a sauke tayar, a kankare tsatsa da maiƙo, a mayar da ita da ruwan sabulu, sannan a hura iska gwargwadon awon da kamfani ya rubuta na ɗaukar kaya, a auna da geji tayar tana sanyi, ba da matsa yatsa ko bugun ƙafa ba.