Bayani a kan Sayar da Sulallan Azurfa ga Masu Tara Su

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni sana'ata hatsi, amma na ga ya kamata in yi bayanin wata haja da ke kwance a akwatunan gidajenmu, watau tsofaffin sulallan azurfa da waɗanda aka buga domin tunawa.

Ku sani kowane sulen azurfa farashi biyu gare shi, kamar geron ci da geron iri. Na farko kuɗin nauyinsa, shi ne abin da maƙeri zai biya ya narke. Na biyu kuɗin mai tarawa, wanda ke duban shekara da ƙarancinsa da lafiyar zanensa. Wanda bai san duka biyun ba, ya sallama a tayin farko, ya yi hasara.

Fara da sikeli. Liyari, mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa ta Ostiriya, nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗori, kashi biyar cikin shida azurfa, watau wajen giram 23 da rabi. Ka buga wannan da kuɗin giram na ranar, ka sami ƙasan farashi. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ka. Shekarar rasuwarta ce, an ci gaba da buga shi da ita har ɗaruruwan miliyoyi, don haka galibinsa bai wuce kuɗin nauyi da yawa ba.

Sule da dala na zamanin Turawa, daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000. Sule giram 5.6, dala ninkinsa. Daga 1920 aka rage, kana aka koma tagulla. Mai tarawa yakan duba shekara da ɗan harafin H, alamar maƙerar Barminham. Riyal ɗin Sarki Abdul'aziz da alhazai suka riƙa zuwa da shi giram 11.6 ne, shi ma azurfa.

A kuɗin tunawa nan ake yawan shan ruwa. A 1977 Ingila ta buga babban sule domin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 kan gado. Iri biyu ne, girma ɗaya, nauyi ɗaya. Na gama-gari farin ƙarfe ne, babu azurfa ko ƙwaya. Na azurfa yana zuwa cikin akwatinsa da takardar shaida. Haka rabin dalar Amurka mai hoton Kennedy: ta 1964 kashi 90 cikin 100, daga 1965 zuwa 1970 kashi 40, na kashewa bayan nan babu. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama wannan farin ƙarfen ma, saboda haka shi kaɗai bai isa shaida ba.

Ga abin da ya same ni. Na gaji dala goma sha biyu, na ga sun yi baƙi, na dirje su da toka da lemun tsami har suna walƙiya. Mai saye ya juya su ya ce, "Alhaji, ai ka kankare ribarka." Kuɗin nauyi kawai ya ba ni. Baƙin nan shi suke so. Kada ka wanke, kada ka huda, kada ka yar da akwati ko takarda.

In za ka sayar, nuna wa mutum biyu ko uku, a Kasuwar Kurmi ko inda ka amince, a yanke la'adar dillali tun gaba. In akwai huda ko liƙi, faɗa masa, gobe ma rana ce. Sa'an nan ka tuna hukunci: cinikin azurfa da kuɗi hannu da hannu ne, babu bashi, azurfa da azurfa kuwa sai nauyi ya zo ɗaya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.