Dajin Epping: Tsoffin Bishiyoyin da Rashin Sara Ya So Ya Kayar

A arewa maso gabashin Landan akwai wani daji mai suna Epping, faɗinsa kimanin hekta 2,400, ya miƙe har cikin yankin Essex. A Ingila, dajin da aka tabbatar yana nan tun shekarar 1600 ba a mayar da shi gona ba, shi ake lissafawa cikin dazuzzukan kaka da kakanni, kuma irinsu ba su wuce kashi 2.5 cikin ɗari na faɗin Birtaniya ba. Epping yana cikinsu, kuma gatarin talakawa na da hannu a daɗewarsa.

Shekaru aru-aru mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin suna da haƙƙin sarar itacen girki. Ba daga tushe suke kayar da bishiya ba. Hawa suke yi su datse rassan a can sama, inda bakin saniya ko barewa ba zai kai ga sabon toho ba, sai bayan shekara goma ko fiye su dawo su sake. A ƙauyen Loughton ana buɗe sara ranar 11 ga Nuwamba, a rufe ranar 23 ga Afrilu. Duk wanda ya ga maɗacin da makiyaya suka saba hawa da rani suna sauke wa dabbobi ganye ya san siffar: kututture kakkaura, kai a dunƙule, sabbin rassa a miƙe. Irin wannan datsa tana ƙara wa bishiya kwana, don ba ta ɗaukar nauyin da zai karya ta.

A 1878 majalisar dokoki ta ƙwato dajin daga masu ƙasa da ke ta shinge shi, ta damƙa shi a hannun hukumar tsohon birnin Landan. A 1882 Sarauniya Victoria ta zo da kanta ta keɓe shi ga jama'a. Sai dai an soke haƙƙin sara, aka biya mutanen Loughton diyya, har aka gina musu zauren taro na Lopping Hall da kuɗin. Ta fuskar bishiyoyin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Rassan da a da ake ragewa suka shafe sama da shekara ɗari suna girma, kowane ya zama bishiya mai zaman kanta, duk a kan kututture guda da cikinsa ya riga ya ruɓe. Da iska ta taso sai ka ji ya tsage gida biyu. A ƙasa kuma inuwa ta yi duhu, ciyawa da furanni suka ɓace.

Miliyoyin mutane ne ke shiga Epping duk shekara, da yara da dawaki da kekuna, kuma reshen da ya fi jikin mutum kauri ba ya sallama kafin ya faɗo. Hanya mafi sauƙi ita ce a kayar da duk bishiyar da ta yi kogo. Amma kogon nan shi ne dukiyar dajin. Jemagu, waɗanda dokar ƙasar ta haramta a lalata makwancinsu, cikinsa suke kwana. Mujiya da maƙwaƙƙwafi nan suke sheƙa. Akwai wani ƙaton buzuzu mai muƙamuƙi kamar ƙahon barewa, wanda tsutsarsa ke shekaru tana cin ruɓaɓɓen itace kafin ta yi fiffike. Wanda ya kwashe matattun itatuwa da sunan tsafta, gidan waɗannan ya rushe.

Saboda haka masu kula da dajin kan duba inda bishiya take kafin su duba lafiyarta. Wadda ke gefen titi ko wurin ajiye motoci ana yawan bincikarta. Wadda ke can lungu sau da yawa ana ƙyale ta ta faɗi ta ruɓe a inda take. Wani lokacin ma mutanen ake janyewa, abin da a ganina ya fi hankali. Haka aka yi a dajin Sherwood, inda aka killace tsohuwar bishiyar Major Oak tun shekarun 1970 don tattakin maziyarta ya daina daskarar da ƙasar da ke kan saiwoyinta.

Rage wa tsoffin bishiyoyin nauyin rassa ma sai da dabara. Bishiyar honbim tana jure a datse ta sosai, ta sake toho. Tsohuwar bishiyar bic kuwa, in aka aske ta lokaci guda, mutuwa take yi, don haka kaɗan-kaɗan ake rage mata, a jira shekaru a ga yadda ta karɓa. Ana kuma sare ƙananan bishiyoyin da suka tare mata rana, shi ma a hankali, kada zafi ya ƙone ɓawon da ya saba da inuwa. A 2002 aka dawo da shanu masu dogon ƙaho su yi kiwo su buɗe fili. Yanzu wata na'ura ake rataya musu a wuya da ke ƙara idan sun kusa iyaka, ba sai an kafa shinge ba.

Giɓin da aka bari tun 1878 shi ne ya fi wuyar cikewa, domin babu matsakaitan bishiyoyi datsattsu da za su gaji tsoffin. Shi ya sa ma'aikatan dajin ke zaɓar ƙanana suna datse musu kai kamar yadda mutanen Loughton suka yi, ko da yake kafin su yi kogon da jemage zai shiga sai an yi shekaru masu yawan gaske.